Itacen Kabarin Inna

Mijina ya yi shekaru yana yanka wa mamatan unguwarmu itacen kabari, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu kuwa yana kwance, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, injinsa yana ɗakin ajiya a lulluɓe da tsohon zane. Labarin ranar zan bayar, amma sai na fara da injin, in ba haka ba za a ɗauka rigimar banza na tayar a gidan mutuwa.

A Makera muke zaune. Malam, haka nake kiransa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri tun kafin ya aure ni. Da masaƙar ta rufe maza suka watse, wasu suka koma ƙauye, wasu suka kama acaɓa. Shi kuwa ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayo injin yankan itace, irin mai sarƙar nan da ake jan igiya ya tashi. Ranar da ya shigo da shi na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce mutum da 'ya'ya, ga uwa tsohuwa a gida, ya rasa abin saye sai abin da zai sare masa ƙafa. Bai tanka mini ba. Malam ba ya tankawa, abin da ya fi ƙona mini rai da shi ke nan.

Injin ya ciyar da mu, wannan kam ba zan ci amanarsa ba. Duk inda bishiya ta karkato kan rufin wani, ko iskar farkon damina ta kayar da mangwaro ya tare hanya, daga Unguwar Mu'azu har Nasarawa, Malam ake nema. Yakan dawo dusar itace ta cika masa gashi da gira, kunnensa ya toshe, sai na ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke tsallaken titi kafin ya ji. Kayansa ko sau nawa na wanke warin fetur ba ya fita. Sau ɗaya sarƙar ta taɓa ficewa ta tsage masa ƙwauri, aka yi masa ɗinki, na ce to ga abin da na faɗa. Ya ce laifinsa ne, shi ne bai duba ɗaurinta ba kafin ya fara. Ko a nan ma bai yarda a zagi injin ba.

Itacen kabari shi ya ɗora wa kansa. Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, daga bakinsa na san yadda abin yake: in an kwantar da mamaci a ƙaramin ramin da ke cikin kabari, sai a jera itace a gicciye a kai, a toshe kafofin da ganye da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura sauran ƙasar. Wata damina ya je rakiyar gawa, ya dawo ya kasa cin abinci. Ya ce ya ga kaburbura sun rufta, saboda da siraran itacen girki aka rufe su, gara ta ci, ruwa ya ƙarasa. Tun daga nan, duk aikin da ya je sai ya roƙi mai bishiya ya bar masa gungume ɗaya. Darbejiya ya fi so, ko maɗaci in an samu, ya ce masu ɗaci gara ba ta saurin kama su. Sai ya yanka daidai faɗin rami, ya tsaga masu kauri, ya kai rumfar masu haƙa ya jibge. Mutanen unguwa suka saba, har suka manta da can saye ake yi.

Haɗa man injin kuwa aikina ne. Ina sayar da man gyaɗa a cikin gida, awo sana'ata ce, shi ya sa ya sakar mini. Wannan inji ba kamar mota ba ne da ake zuba wa baƙin mai a gefe guda, fetur a gefe guda. Shi a cikin fetur ɗin yake shan mansa. In aka ba shi zallan fetur zai tashi lafiya lau, ya yi ta gudu kamar abin arziki, can sai cikinsa ya ƙone ya daskare, an gama. Akwai man da ake sayarwa dominsa a 'yar roba, mai launin shuɗi. Muna da ƙaramin gwangwanin tumatir da Malam ya yi wa zane da ƙusa daga ciki, nan ne iyakar awon jarka ɗaya. Sai in fara zuba fetur kaɗan, in juye man, in rufe in girgiza sosai, sannan in cika in sake girgizawa har launin ya bi ko'ina. Fetur kuma sai na gidan mai. Ko layi ya kai ina Malam zai bi, ba ya sayen na 'yan bumburutu, ya ce ba ka san da abin da suka sirka shi ba.

Murfi biyu ne a jikin injin, ɗaya na fetur, ɗaya na man sarƙa, kusan kamarsu ɗaya. Farkon koyona na tashi zuba haɗin a na sarƙa, ya riƙe mini hannu ya ce in duba hoton da ke kan murfin. Na ce in ya iya ya yi da kansa mana. Ya yi dariya ya saki hannun. Kullum da yamma in ya dawo, kafin ya yi wanka, sai ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya kwance murfin gefe, ya kakkaɓe dusa da tsohon buroshin haƙori, ya wanke matatar iska, ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya da siririn magagari. Yakan ce in sarƙa tana da kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya, in ta fara fitar da gari mai laushi to ta dakushe, mai ita yake wahala, inji ma yana wahala. Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a kan tabarma tana jan carbi tana yi masa tsiya, wai ko ita da ta haife shi ba ta yi masa irin wannan wankan ba.

Ni da Inna gida ɗaya muka zauna tun ina amarya. Bakinta da zafi, nawa ma ba sanyi gare shi ba, mun sha yi. Amma duk haihuwar da na yi ita ta yi mini wankan jego, kuma ba ta taɓa bari wani daga dangi ya taɓa ni da magana ba, ita kaɗai ke da wannan izinin. Ina sonta ƙwarai. Ban taɓa gaya mata ba, don da na faɗa cewa za ta yi me nake nema. In ta ga Malam yana loda itacen maƙabarta takan ce ita dai in nata ya zo kada ya kuskura ya rufe ta da guntaye, mai kauri take so, tunda kyauta ne. Shi kuma sai ya ɓata fuska ya ce ta bar irin wannan maganar.

Ciwon ya same shi da safe, yana shirin fita. Ya riga ya cika tanki, ya sa takalmi, ya sunkuya zai ɗauki injin, sai ya tafi gaba ɗaya. Hawan jini, aka ce a asibiti. Muka dawo da shi gida hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, baki ya karkace. Magana ta tafi, ba ta bar masa komai ba sai to, da a'a, da sunan Allah. Hankalinsa kuwa garau, yana jin komai, yana gane kowa.

Ƙaninsa, mai tuƙa Keke mai ƙafa uku na haya, ya kawo shawarar a ba wani injin haya ko gida ya samu na cefane. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Inna ta ɗaga kai ta ce ɗanta bai mutu ba, ba wanda zai ci gadonsa yana numfashi. Haka muke a wajenmu, kayan sana'ar majinyaci ba a taɓa su, ba a matsar da su, don taɓa su kamar an fid da rai da shi ne. Da hannunta ta ɗauko tsohon zanenta ta lulluɓe injin a ɗakin ajiya yadda ya bar shi, da fetur ɗinsa a ciki. Ni ma na goyi bayanta, maƙwabta duk suka ce daidai ta yi.

Malam ya yi ta nuna ƙofar ɗakin ajiyar da hannun hagu yana kifa tafinsa, kamar mai juye kwano. Inna ta riƙa lallashinsa, ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba mai taɓa masa, yana nan yana jiransa. Sai ya ce a'a, ya rufe ido. Ashe cewa yake yi a zubar da fetur ɗin, don in ya daɗe a tanki lalacewa yake yi, ya lalata inji. Mu ba mu san wannan ba, tun da aka sayo injin bai taɓa yin mako a ajiye ba balle mu ga yadda ake ajiye shi. Da ya gaji da nunawa sai ya daina.

Rani ya wuce, damina ta shigo. Itacen rumfar maƙabarta ya ƙare, aka koma sayen na girki. Inna ta koma rainon ɗanta kamar jariri, tsohuwa mai tafiya da sanda, ita ke ba shi kunu a cokali, ta goge masa baki da gefen mayafinta. Ni ina juya shi, ina yi masa wanka, ina sayar da maina. Wata ranar Lahadi ta yi sallar asuba ta koma ta kwanta. Na kai mata koko, na tarar rai ya yi halinsa.

Ni na gaya masa. Na durƙusa a gaban gadon, na kama hannunsa mai lafiya na ce Inna ta riga mu. Ya dube ni, ya ambaci sunan Allah, shi ke nan. Ko ɗigon hawaye babu. Gida ya cika da mata, aka shiga wanka da ɗinkin likkafani, maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka sa jana'iza bayan azahar. Duk abin da ɗa yake yi wa uwarsa a rana irin wannan, Malam ba zai iya ko ɗaya ba. Ba zai ɗauki makara ba, ba zai tsaya a sahu ba, ba zai shiga rami ya karɓe ta ba.

Tagar ɗakinsa titi take kallo, ana jin duk abin da maza ke faɗa. Ina gyara masa matashi muka ji wani yana cewa a aika wajen mai itacen girki a ɗauro, a zaɓi masu ɗan kauri. Sai Malam ya fara dukan katifa da hannun hagu. A'a, a'a, yake ta faɗa, jijiyar wuyansa ta miƙe. Tun da ya kwanta ban taɓa ganinsa haka ba.

Na ce, "Malam, injin kake so a tayar?"

Ya ce, "To."

Na ce, "Da shi za a yanka wa Inna?"

Ya damƙe mini hannu har sai da na ji zafi.

Akwai gungumen darbejiya a lungun bayan gida, wanda ya jawo kafin ya kwanta, don maƙabarta ya ajiye shi. Kaurinsa ya fi ƙarfin a ce gatari zai gama da shi a wuni. Na buɗe ɗakin ajiya, na yaye zanen Inna na ninke shi, na rungumo injin na ratsa tsakiyar mata da shi. Wata gwaggon Malam ta ce ashe ba ni da hankali, gawa a ɗaki ina fito da kayan gado. Na ce mata mai kayan ne ya aiko ni, in tana da magana ta shiga ta same shi. Na zura hijabi na kai injin zaure, na sa aka kira mini ƙanin Malam.

Ya ja igiya har gumi ya jiƙa masa riga, inji ko tari bai yi ba. Maza suka riƙa karɓa ɗaya bayan ɗaya, kowa da tasa dabarar, wannan ya ce a jijjiga, wancan ya ce a sa shi a rana. Kowane ja Malam yana ji ta taga. Can sai ga wani maƙwabcinmu, bawan Allah, ya rugo da kwalbar fetur daga bakin titi, ya buɗe murfi zai ɗura. Daga bayan labulen zaure na ce masa ya ajiye kwalbar nan, in ɗigo ɗaya ya shiga ni da shi ne. Na san a ransu mazan sun ce matar nan ba ta da kunya, amma ranar kunya ba ta gabana. Na jawo injin na sunsuna bakin tankin. Ba warin fetur na ji ba, wani wari ne mai tsami kamar na tsohon fenti.

Mutum ɗaya na sani da zai iya. Malam yana da aboki a Nasarawa, Kirista ne mutumin Filato, a ɓangare ɗaya suka yi aiki a masaƙa, rana ɗaya suka sayi injinansu a shago ɗaya. Baba muke ce masa. Shekarun da garin nan ya yi ta rikici mutane da yawa sun daina taka unguwannin juna, su biyun ba su daina ba. Na ce da ƙanin Malam ya ɗauki Kekensa ya je, in bai same shi a gida ba ya tsaya a ƙofar coci har a tashi, su biyo ta gidan mai su sayo fetur.

Kafin su dawo aka kira azahar. An gama shirya Inna, tana kwance a ɗakinta, ƙamshin turare ya cika gida. Mata sai kallona suke yi, wasu suna magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina kai da komowa tsakanin zaure da ɗakin Malam kamar wadda ta ɗora tukunya biyu. Liman ya aiko a gaya mini ba a jinkirta gawa saboda itace, kowane itace ya halatta, kuma ga hadari yana haɗuwa. Gaskiya ya faɗa, na sani. Na ce a roƙe shi ya matso bakin zaure.

Na ce, "Allah shi gafarta Liman, ɗanta ne ya roƙa, shi kuma ba shi da bakin da zai roƙe ku. Wannan kaɗai ya rage da zai iya yi mata."

Ya ce ya ba mu zuwa la'asar, ana idar da ita za a ɗauki Inna, da itacenmu ko babu.

Baba ya iso da kwat ɗinsa na zuwa coci, nasa injin a hannu. Ya yi gaisuwa, ya ce kada a wahala, a nuna masa gungumen yanzu ya gama da nasa. Kowa ya ce alhamdu lillahi, an huta. Ni na ce a'a, da na Malam za a yanka. Ƙanin Malam ya yi tsaki, ya ce haba Anti, inji ai inji ne. Ban kula shi ba. Na ce Baba ya shiga ya ga abokinsa tukuna. Ban bi shi ba, don haka ban san abin da ya gudana tsakaninsu ba, ɗaya ba ya iya magana, ɗayan ma ba mai yawan magana ba ne. Ya ɗan jima ya fito, ya cire kwat ɗin ya miƙa wa wani, ya nannaɗe hannun riga ya ce a kawo masa buhu da kwano.

Ya juye tankin a kwanon. Abin da ya fito ja-ja ne, yana nannauyan zuba. Ya kwance murfin sama ya ciro kafireta, 'yar ƙaramar aba kamar akwatin ashana wadda ke auna wa inji fetur da iska, ya buɗe ta ya nuna mini. Cikinta duk danƙo kamar ƙaro, 'yar fatar da ya kamata ta riƙa motsi ta bushe ta ƙandare. Ya ce in za a ajiye inji juye man ake yi, a tayar da shi ya ƙone ragowar har ya mutu da kansa. Ya ce ya taɓa tambayar Inna injin ranar da ya zo dubiya, ta ce an adana shi, shi kuma ya ɗauka an juye. Wannan kafiretar dai ba ta gyaruwa yau, sabuwa ake nema, ga shi Lahadi, masu sayar da kayan ba su fito ba.

Sai ya kifa injin Malam, ya goge ƙasan mariƙin da babban yatsa har wata 'yar lamba ta fito. Ya kifa nasa ya goge. Ya sa tabarau ya karanta wannan, ya karanta wancan, ya sake karantawa. Ya ce kasuwa ta cika da masu kama da su, launi ɗaya, suna kusan ɗaya, amma in lambar ba ta zo daidai ba kayan cikinsu ba sa shiga juna. Nasu biyun kuwa uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ya ɗauki sukudireba ya fara kwance nasa injin, lafiyayye, wanda yake ci da iyalinsa da shi, don ya ciro kafiretarsa. Bai ɗago ba ya ce da ni, "Maman yara, je ki haɗo mai. Sabo."

Na ɗauko jarka da gwangwanin da robar shuɗin mai, zan tsuguna a tsakar gida, sai na fasa. Na shiga da su ɗakin Malam. Na tayar da shi zaune, na tokare shi da matasai, na ɗora faranti a cinyarsa, na sa gwangwanin a kai na riƙe. Na ba shi robar a hannun hagu. Man ya zuba a farantin, ya zuba a yatsuna, amma bai saki ba, idonsa yana kan zanen ƙusar nan. Da man ya kai, ya tsaya cak, ko ɗigo bai ƙara ba. Na juye a jarka na rufe, na ɗora tafinsa a kai muka girgiza tare. Ɗakin ya cika da warin fetur, a gidan da ake turaren gawa. Ya duba launin ta jikin jarkar ya ce to.

Kafin in fito Baba ya wanke tankin da bututunsa, ya goge fulogi, ya bi haƙoran sarƙar da magagari don sun ɗan yi tsatsa, ya ɗaure ta, ya ja ya saki ya ji ta zauna. Ya cika man sarƙa, ni na zuba haɗin da hannuna, ya goge abin da ya ɗiga. Ya tambayi tsawon da ake yankawa, maza suka kalli juna, duk shekarun nan jerawa kawai suke yi ba wanda ya taɓa aunawa. Na koma ɗakin ajiya na ɗauko sandar awon Malam da ke rataye a ƙusa na miƙa masa. Ya ɗauki injin ya fita da shi lungu, nesa da jarkar. Ni kuma na koma cikin gida, don iyakata ke nan, na tsaya a ƙofar ɗakin Malam inda nake ganin fuskarsa.

Aka ja, shiru. Aka sake ja, shiru. Ina ta salati a zuci. Can ya yi tari ya mutu, Malam ya buɗe ido. Aka kuma ja, sai ƙara ta tashi ta cika unguwa, ta yi sama, ta sauko ta zauna. Mata masu kuka suka yi shiru, hayaƙi ya biyo ta kan katanga. Da sarƙar ta kama itace muryar ta canza, ta yi kauri. Malam ya mayar da ido ya rufe, yana bin aikin da kunne. In Baba ya danna da yawa inji ya nemi shaƙewa sai in ga ya haɗa gira, in ya sassauta sai goshin ya saki. Haka har aka kira la'asar, ana kira ana yanka, ana lodawa a Keke.

Aka fito da Inna. Na bi makarar da ido har bakin zaure, a nan nawa kukan ya zo, na yi shi son raina. Aka yi mata salla a ƙofar gida, Malam yana jin kabbarorin ta taga, leɓensa yana motsi, idonsa a bushe. Aka ɗauke ta, Keken itacen yana biye da su a hankali. Sai unguwa ta yi tsit, yayyafi ya fara sauka.

Baba bai bi su ba, kayansa duk mai da dusa. Ya juye ragowar haɗin a jarka, ya tayar da injin ya bar shi har ya mutu da kansa, ya goge shi tsaf ya miƙo mini. Na ce kafiretarsa fa. Ya ce a bar ta inda take, zai nemi wata. Ya kwashe nasa injin a buhu, a wargaje, ya saɓa a kafaɗa. Na rasa kalmar da zan yi masa godiya da ita, ni da ba na rasa magana. Na ce ya gai da gida.

Gab da magariba maza suka dawo. Ƙanin Malam ya shigo kai tsaye, bai ko wanke ƙafa ba, jar ƙasa har gwiwa, rigarsa a jiƙe. Ya durƙusa a gaban gadon. Malam ya kafe shi da ido, ko ƙiftawa ba ya yi.

"Yaya, an rufe Inna," in ji shi. "Da itacenka. Ni na jera da hannuna, ya zauna daram, ba kafa ko ɗaya. Ruwa bai taɓa ta ba."

Malam ya ce to. Ya juyar da fuska wajen bango, kafaɗarsa ta fara rawa, sannan muryar ta fito. Kukan da ya riƙe tun safe ne, kukan babban mutum da bakinsa ya karkace, ba daɗin ji. Yana yi yana neman ya kira ta, harshen ya ƙi. Na kama hannun ƙanin na fitar da shi, na jawo ƙofar na tsaya a bakinta. Masu gaisuwa suka taso za su shiga su yi masa ta'aziyya, har da liman. Na ce kowa ya koma ya zauna tukuna, Malam yana kukan uwarsa.